Kyamarar da ke Neman Ido da Kanta

Duk cikin masu ɗaukar hoto na Jimeta ban ga wanda ya kai Haladu iya tsayawa nesa ba. Mijin yayata ne, Adda Raudatu, don haka akwai wasa tsakaninmu, ina da damar in faɗi abin da na ga dama a kansa. Yau kuwa zan yi amfani da damar nan har ƙarshenta.

A Jimeta aka haife shi. Fatauci ne ya kawo kakansa daga wajen Kano, ya ga kogi ya ga kifi, ya ce shi da komawa sai dai labari. Ubansa tela ne, ya so Haladu ya gaje shi, amma Haladu ya ce ba zai ƙare rayuwarsa yana rungumar ƙartin maza da sunan awon ƙugu ba. Sai ya liƙe wa wani Malam Hosea, mutumin kudancin jihar nan, mai shagon hoto a bayan kasuwa. Shi ya koya masa sa fim, da wanke hoto a ɗakin duhu, da yadda ake ce wa mutum ya rufe baki ba tare da an ɓata masa rai ba. Da Hosea ya tsufa ya koma garinsu, ya bar masa shagon har da labulen nan mai zanen jirgin sama, wanda rabin mutanen Jimeta suka taɓa tsayawa a gabansa riƙe da jakar da babu komai a ciki.

Abin da ya fito da sunan Haladu shi ne wata baƙar kyamara mai nauyi, mai dogon gilashi a gaba kamar taɓarya, wanda in aka murɗa shi sai ya jawo na nesa kusa. In ana biki, sauran masu hoto suna can suna turereniya a gaban amarya ana take musu ƙafa, shi kuwa yana tsallaken titi a gindin dalbejiya, zoɓo a hannu ɗaya, yana ɗauka hankalinsa kwance. Mutane suna ganin tsawon gilashin sai su buɗe masa hanyar da ma ba ya bukata. Haka ya yi shekara ashirin da ɗoriya, kuma gaskiya hotunansa suna kyau. Sana'ar ta dace da halinsa, don Haladu mutum ne mai son cika baki daga inda hannu ba zai kai shi ba.

Sai waya ta zo ta cinye sana'ar. Kowace yarinya ta zama mai hoto, kowane ango yana da abokai goma masu ɗaga hannu sama. Shagon Haladu ya koma wurin zaman hira da shan iska. Maimakon ya yarda zamani ne ya juya, sai ya yanke hukunci cewa laifin kyamara ne. Ya yi wata uku yana kallon bidiyon Turawa a waya, suna juya wata 'yar kyamara a hannu suna yaba ta, shi kuma yana gyaɗa musu kai kamar suna ganinsa. Rana ɗaya muka ji ya sayar da tsohuwar da gilasanta duka, ya haɗa da babur ɗinsa, ya yi odar sabuwa daga Legas.

Ina shagon ranar da ta iso. Ya buɗe kwali, ya cire takarda, ya cire wani kwalin, ya cire leda, sai ga wata 'yar aba da za ta shige aljihun kaftani ba tare da aljihun ya sani ba.

Na ce, "Malam Haladu, ina uwar? Wannan ai 'yar ce suka aiko maka."

Bai yi dariya ba. Ya zaunar da ni a benci ya yi mini karatu.

"Kai Mu'tasim, matsalarku ke nan, girma kuke kallo. Megafiksel arba'in ke cikin nan. Ka san ma'anarsa? In na ɗauki gadar Binuwai daga nan bakin, sai in nuna maka ƙusar da ta kwance a wancan bakin. Gilashinta kuma ba a cire shi, ba a canza shi, tare aka haife su. Ƙura ba ta shiga, yayyafi ba ya damunta. In ka buɗe gilashin gaba ɗaya, mutumin da ka nufa zai fito tar, duk abin da ke bayansa ya narke. A ɗaki mai duhu tana gani ba filasha. In hannunka na rawa, ita ba ta rawa. Ba ta ƙara ko kaɗan. Babban abin kuma," ya ɗaga yatsa, "ido take nema da kanta. Kai dai nuna ta wajen mutum, za ta lalubo idonsa ta kama. Ko makaho ka ba, sai ya ɗauki hoto."

Na ce, "To murɗa mu gani, jawo mini mai lemon can."

Ya ɗan yi tari. Ya ce ita wannan ba a murɗa ta. Gilashin guda ne, mai faɗi, ba ya jawo komai. In kana son mutum ya cika hoto, kai ne za ka taka da ƙafarka ka je kusa da shi, kamar taku uku. Wai manyan masu hoto na duniya haka suke yi.

Na yi dariya har na faɗo daga benci. Mutumin da ya gina sunansa a tsallaken titi ya sayar da babur ya sayo abin da zai tilasta masa shiga cikin mutane.

Duk abin da ya faɗa a kanta gaskiya ne, wannan kam ba zan zalunce ta ba. Matsalar ita ce Jimeta ba ta nemi gaskiya mai yawa haka ba. Madam Keturah, wata ma'aikaciyar sakatariya da ta shekara goma sha biyar tana hoto a wurinsa, ta zo ɗaukar na bikin ritayarta. Da ya nuna mata a allon kyamarar, ta matso da tabarau, ta ja da baya.

"Oga Haladu, abeg, wannan kamara naka bai da kunya ne? Fuska na ne wannan, ko hanyan ƙauyen mu da damina?"

Ya fara yi mata bayanin megafiksel. Ta ce ya riƙe kayansa, ta fita ta sa 'yarta ta ɗauke ta da waya, wayar ta goge mata shekara ashirin ba tare da an roƙe ta ba.

A wurin biki kuma ba wanda ke buɗe masa hanya yanzu. Wata uwar amarya ta taɓa ce masa ya matsa gefe, masu hoto na gaskiya suna aiki. Rashin ƙarar ma ya zame masa bala'i. Sai ya ɗauki mutum sau goma, mutumin na nan a sandare da murmushi ya bushe masa a baki, yana tambaya, "Ka ɗauka kuwa?" Da abin ya ishe shi sai ya koyi yin ƙarar da bakinsa. Ya danna, ya ce "ƙyas," sai kowa ya saki jiki ya watse. Kyamarar da ta cinye babur, mai ita ne ke yi mata kuka.

Yanzu bari in kawo mahaifinmu, don a kansa maganar take. Baba Hamajoɗa mutumin Yola Gari ne, a tsohon gidanmu da ke cikin lungu, ya haura tamanin, dogo, marar yawan magana. Bafulatani ne na da, irin waɗanda kunya ta zame musu kamar tufafi. Adda Raudatu ce 'yarsa ta fari, saboda haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "ta Jimetan nan." Haladu kuwa "mai hoto" yake ce masa, shi ma in ta kama dole. Shi kuma Haladu, da yake Bahaushen Jimeta ne da ya auri 'yar Yola, ya ƙudura a ransa ba za a ce bai san kunyar suruki ba, sai ya ɗauki abin ya wuce da shi inda mu masu shi ba mu kai ba. Tun daga bakin lungu yake cire takalmi. A ƙofar zaure yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya miƙa gaisuwa ta bakina ko ta bakin Gogo, ƙanwar Baba da ke zaune a gidan. Shekara ashirin da uku bai ci abinci a inda Baba zai gan shi ba. Akwai ranar da suka yi kiciɓis a hanyar gonarmu ta Bako, Haladu ya karya kan babur ya afka cikin masarar mutane, sai da aka fito da shi.

Baba ba shi da hoto. Na katin shaida ne kawai, shi ma an wanke shi cikin aljihun riga har ya koma kamar kowane tsoho a duniya. In aka ɗaga waya a gabansa sai ya juya kai. Da ya yi wata jinya mai tsanani da damina ya tashi da ƙyar, abin ya tsaya wa Adda a rai. Ta same ni tana kuka, ta ce, "Mu'tasim, ina auren mai hoto shekara ashirin da uku, bangon ɗakina cike da fuskokin mutanen da ban sani ba, amma ba ni da fuskar ubana. In ya tafi me zan duba?" Ban taɓa ganin ta nemi wani abu da zuciya ɗaya irin wannan ba.

Gogo ce ta ɗauki aikin lallashi. Wata huɗu tana bi, yau ta kawo maganar jikoki, gobe ta yi fushi ta ƙi dama masa fura. A ƙarshe ya yarda, da sharaɗi: sau ɗaya ne, ranar Juma'a da hantsi, a tsakar gida, kuma baƙo ba zai shigo masa gida ba. In dai dole ne, mai hoton nan na ta Jimeta ya zo.

Haladu ya ji labari ya kumbura. Ya ce yanzu ne za a san abin da ya saya. Ya kafa doka cewa ranar kada wanda ya kuskura ya ɗaga waya, don kada a raba wa Baba hankali, kuma ba za a haɗa aikin megafiksel arba'in da wasan yara ba.

Ranar Alhamis da la'asar na biya shagonsa, na same shi yana goge gilashin da wani ɗan ƙyalle da ba ya bari kowa ya taɓa. Tsokana ta motsa mini. Na ce, "Wai da gaske ido take nema? To ga akuyar mai tsire can, ta nemo nata mu gani." Ya ce ai har wannan an tanada. Ya shiga cikin saitinta ya danna nan ya danna can, ya mai da ita kan idon dabbobi, ya nuna ta waje. Wallahi sai ga wani ɗan koren akwati ya faɗa kan idon akuyar ya liƙe, ta juya ya bi ta, ta sunkuya ya bi ta. Na ce lalle na yarda. Muna cikin haka wani ya shigo neman hoton fasfo na gaggawa, Haladu ya jefa ta aljihu ya ɗauko wata 'yar tsohuwar kyamara da ya bari don aikin fasfo, hira ta bi wani wajen.

Juma'a da hantsi muka shiga Keke zuwa Yola, ni da shi da Adda. Baba ya riga ya fito. Ya sa farar babbar rigarsa ta Idi, ya ɗora hula, ya zauna a kujera a gindin mangwaro da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Ban taɓa ganin ya yi wa wani abu shiri haka ba, kuma na ga Adda ta juya tana share ido.

Haladu ya tsaya a bakin ƙofar da ta fito daga zaure. Tsakaninsa da Baba taku goma sha biyar ne, ko fi. Kusa da shi, wajen taku uku, ragon da Gogo ke kiwo yana ɗaure a turke yana tuƙa.

Gogo ta ce, "Matso mana, mai hoto. Daga can za ka ɗauka?"

Ya matsa taku ɗaya, ya durƙusa.

Na raɗa masa, "Kai fa ka ce taku uku."

Ya ce, "Rufa mini asiri. In je gaban Baba in tsaya masa a ka? Megafiksel arba'in ne, daga baya sai in yanko shi ya cika hoto."

Ya buɗe gilashin gaba ɗaya, don bayan ya narke kamar yadda yake so. Ya ɗaga kyamarar da hannu biyu ya nuna ta wajen mangwaro. Sannan ya yi abin da har gobe in na tuna sai raina ya ɓaci: ya kau da fuskarsa ya kalli bango. Allon kyamarar nan yana lanƙwasowa sama, da ya so sai ya sunkuyar da kai ya duba ba tare da ya ɗaga ido ba. Na nuna masa haka. Ya ce ai kallon allon ma kallon Baba ne, kuma ita ke neman ido da kanta, ba ta bukatar nasa.

Ya yi ta dannawa. Ba ƙara, kuma ba shi da bakin da zai ce wa surukinsa "ƙyas." Baba yana zaune a miƙe yana jiran ya ji an ɗauka. Rana ta taso ta wuce inuwar mangwaro ta sauka masa a ka, zafin Yola kuwa ba sai an ba wa kowa labari ba. Gumi ya jiƙa wuyan rigar. Shi ba zai tambayi surukinsa ko an gama ba, surukin kuma ba zai ce masa ya tashi ba. Adda ba ta magana a gabansu su biyu. Ni kuwa ina jingine da rumbu, na cusa hula a baki don kada dariya ta fito, ina tsara yadda zan ba da labarin a majalisa. Mun fi rabin awa a haka.

Gogo ce ta gaji ta ce, "Wai ba a gama ba ne?"

Haladu ya raɗa mini, "Tun ɗazu."

Na faɗa wa Gogo, Gogo ta faɗa wa Baba. Baba ya miƙe da ƙyar, ya ce, "Abin bai yi ƙara ba." Sannan ya ƙara da cewa, "A ce masa useko." Godiyar da ya taɓa yi wa Haladu ke nan tun da aka ɗaura aure. Haladu ya fita da baya da baya har ya yi karo da ƙofa.

A ranar ya duba hotunan, shi kaɗai a shago. Ya ga abin da ke ciki, ya yi shiru da bakinsa. Adda ta tambaya, ya ce suna kwamfuta ana gyara kala. Ta sayo firam mai ruwan zinariya a kasuwa, ta sa aka buga ƙusa a falo. Ta sake tambaya bayan mako guda, ya ce injin wanki ne ya lalace. Abin da ya kamata ya yi bai fi ya buɗe baki ya ce an yi kuskure, a roƙi Gogo ta sake roƙo ba. Amma hakan na nufin ya yarda a gaban matarsa, da ni, da duk majalisar shagonsa, cewa kyamarar da ya yi wata shida yana yi mana wa'azi a kanta ta kunyata shi. Ya zaɓi ya jira wata dabara ta faɗo masa daga sama.

Kwana goma sha tara bayan hoton, ranar Laraba da hantsi, Baba ya rasu yana zaune a zaure.

Bayan addu'ar bakwai Adda ta koma Jimeta, ta ajiye mayafi, ta ce, "Malam, kawo mini hoton Baba. Ko ba kala, kawo shi haka." Ina wurin. Haladu ya kunna kyamarar ya miƙa mata.

Hoto sittin da ɗaya ya ɗauka, kuma duka na ragon Gogo ne. Ban taɓa ganin hoton rago mai kyau irin wannan ba. Kowane gashi ya fito ɗaya-ɗaya, har da ɗan dusar da ya maƙale masa a leɓe. Da aka ƙara girman idon, sai ga Haladu a ciki ƙarami, durƙushe, ya miƙa hannu biyu gaba, fuskarsa na kallon bango. Can baya kuma, a gindin wani kore-kore da ya kamata ya zama mangwaro, akwai wani fari-fari dogo da ya narke, ba ido ba hanci. Kyamarar ba ta yi kuskure ba. Tana kan saitin dabbobi tun ranar Alhamis, an ce ta nemi ido, ta nemo.

Na jira Adda ta yi ihu, ba ta yi ba. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har na ƙarshe, sannan ta zaɓi guda ta ce ya wanke mata shi daidai girman firam ɗin. Ya ce, "Raudatu, don Allah." Ta ce, "Wanke shi." Yana nan a falonsu yanzu, saitin kujerar da Haladu ke zama. Baƙi sukan tsaya su yaba, su ce kai, wannan rago na wane ne? Sai ta nuna farin da ke baya ta ce, "Babana ne." Haladu ya koma cin abinci a shago. Har yanzu yana ɗaukar hoto da ita, sai dai ya daina yi wa kowa karatun megafiksel.

Na so in tsaya a nan, laifi duka a kansa, don ya cancanta. Amma ni na sa shi ya juya saitin saboda akuyar mai tsire. Kuma rabin awa cur ubana yana zaune cikin farar riga, a shirye, abin da bai taɓa yi ba, wayata tana aljihuna da cikakken caji, ni kuwa ina can ina cin hula. Wannan yana ci mini rai fiye da yadda nake nunawa, shi ya sa na rage zuwa gidan Adda.

Watan jiya na je. Na tarar da Adda tsaye a kan kujera tana goge gilashin firam ɗin da gefen zanenta. Ba ta juyo ba ta ce, "Mu'tasim, tabon nan na goshin Baba, a hagu yake ko a dama? Na kwana biyu ina so in tuna."

Na buɗe baki zan amsa, sai na ga ni ma tun ina yaro ƙafafunsa nake kallo in yana magana. Na ce mata a hagu ne. Ta ce haka ita ma take zato, ta sa yatsa a kan farin nan na cikin hoton, ta hagu. Wallahi ban sani ba.